Niger Tornadoes: Tarihin ƙungiyar Minna da ta yi suna a Kofin Ƙalubale

Niger Tornadoes ƙungiyar ƙwallon ƙafa ce da ke Minna, babban birnin Jihar Neja, kuma mallakar gwamnatin jihar ce. An kafa ta a shekarar 1977. Magoya bayanta suna yi mata laƙabi da "Ikon Allah", gidanta kuwa shi ne filin wasa na tunawa da Bako Kontagora, wanda ke ɗaukar 'yan kallo kimanin 5,000.

Ƙungiyar ba ta taɓa lashe babbar gasar lig ta ƙasa ba, kuma ta sha rikitowa zuwa rukuni na biyu tana sake hawowa. Inda ta yi suna shi ne gasar cin Kofin Ƙalubale. Sau huɗu tana kaiwa wasan ƙarshe, a 1982 da 2000 da 2017 da 2019, ta kuma ɗaga kofin sau ɗaya, a shekarar 2000. Tarihinta ya ta'allaƙa ne da abubuwa uku: wannan kofi, da hali irin na filin wasanta, da kuma aljihun gwamnatin da ke riƙe da ita.

Garin da ta fito

Minna asalinta ƙasar Gbagyi ce, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa. Layin dogo ne ya ɗaga ta. Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Baro, a bakin Kogin Kwara, zuwa Kano, aka kammala ta a 1911, sannan layin da ya taso daga Legas ya zo ya haɗu da ita a Minna. Daga nan ƙauyen ya zama mahaɗa. Ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa da leburori suka yi ta kwararowa, Nufawa da Hausawa da Yarabawa da Ibo, kowa ya kafa unguwarsa.

A Najeriya ta wancan zamani, ƙwallon ƙafa tana bin makarantu ne da barikokin soja da ma'aikatu, musamman na jirgin ƙasa da na jiragen ruwa. Ƙungiyar ma'aikatan jiragen ruwa ta Marine ce ta fara cin kofin ƙasa a 1945, ta reluwe ta Legas kuma ta ɗauke shi a 1946 da 1948 da 1949. Gari irin Minna, mai tashar jirgi da makarantu, ya san ƙwallo tun kafin ya sami babbar ƙungiya.

Abin da ya sauya matsayin garin shi ne ƙirƙiro jihohi. Ranar 3 ga Fabrairu, 1976, gwamnatin Janar Murtala Ramat Muhammad ta raba ƙasar zuwa jihohi 19, aka yanko Jihar Neja daga tsohuwar Jihar Arewa maso Yamma mai hedikwata a Sakkwato. Aka zaɓi Minna ta zama babban birni, Murtala Nyako ya zama gwamnan soja na farko. Sabuwar jiha tana buƙatar ma'aikatu da gidan rediyo da hukumar wasanni, tana kuma buƙatar ƙungiyar da za ta tsaya mata a gasannin ƙasa. Shekara guda bayan haka aka kafa Niger Tornadoes.

Suna da laƙabi

Kalmar da ke cikin sunan ƙungiyar ta Ingilishi ce, ma'anarta guguwa mai ƙarfi. Laƙabin nata kuwa da Hausa yake, harshen da ya haɗa Bagware da Banufe da Bakambare da Bahaushe a kasuwar Minna. "Ikon Allah" magana ce da akan furta idan abin da ba a yi zato ba ya auku. Ko jaridun Kudu da ke rubutu da Ingilishi, da wannan suna suke kiran 'yan wasan, ba tare da sun fassara shi ba.

Gasar da ta fito da ita

Kofin Ƙalubale shi ne gasar ƙwallon ƙafa mafi daɗewa a Najeriya. An soma shi a 1945 da sunan Kofin Gwamna, tun zamanin Gwamna Arthur Richards, da farko tsakanin ƙungiyoyin Legas kaɗai. Sunansa ya yi ta sauyawa bisa ga zamani da masu ɗaukar nauyi: an kira shi Kofin Coca-Cola, da Kofin Tarayya, da Kofin Aiteo. Amma a bakin masu sha'awar ƙwallo a Arewa, Kofin Ƙalubale ne har yau. Babbar gasar lig ta ƙasa ba ta fara ba sai 1972, lig na ƙwararru kuma sai 1990.

Tsarin gasar ne ya sa take yi wa ƙananan ƙungiyoyi daɗi. Kowace jiha tana fara shirya tata, inda ƙungiyar unguwa ke iya haɗuwa da ta ƙwararru. Waɗanda suka kai wasan ƙarshe a jiha su ne ke wucewa zuwa matakin ƙasa. A can kuma sili-ɗaya-ƙwale ne, galibi a filin da ba na kowa ba. Lig yana buƙatar kuɗin tafiye-tafiye na watanni, da 'yan wasa masu yawa da za su maye gurbin masu rauni, da juriyar wasanni kusan arba'in. Kofi kuwa yana buƙatar ƙungiya ta tsare gidanta na minti 90, ta sami dama guda, ko ta ja wasan zuwa bugun daga kai sai mai tsaron gida. Ƙungiyar da ba ta da ƙarfin aljihu tana iya yin haka sau biyar ko shida a jere.

Ƙungiyar Kano ce ta fara kawo kofin Arewa a 1953. Bayan nan aka yi shekaru masu yawa ƙungiyoyin Jos suna kaiwa wasan ƙarshe suna dawowa hannu rabbana.

1982: zuwan farko

Shekara biyar kacal da kafuwarta, a zamanin gwamnan farar hula Alhaji Awwal Ibrahim, Tornadoes ta kai wasan ƙarshe na kofin. Abokiyar karawarta ita ce Stationery Stores ta Legas, ƙungiyar da Israel Adebajo ya kafa a 1958, wadda ta riga ta ci kofin a 1967 da 1968, kuma tana cikin ƙungiyoyin da suka fi yawan magoya baya a ƙasar. Stores ta yi nasara da ci 4 da 1.

Duk da yawan ƙwallayen, wasan ya shigar da sunan Minna cikin jerin garuruwan ƙwallo. A shekarun da suka gabace shi, Rangers ta Inugu da Bendel Insurance ta Benin da IICC ta Ibadan ne ke karɓa-karɓa da kofin. Ganin ƙungiya daga jihar da ba ta wuce shekara shida da haihuwa ba a wasan ƙarshe sabon abu ne.

2000: shekarar kofi

Bayan shigowar tsarin ƙwararru, Tornadoes ta lashe gasar rukuni na biyu a 1996, ta hau babbar gasa. Lokacin ya zo daidai da bunƙasar ƙungiyoyin Arewa a Kofin Ƙalubale. BCC Lions ta Gboko ta ci shi a 1989 da 1993 da 1994 da 1997, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta ci a 1991 da 1992, Wikki Tourists ta Bauchi a 1998, Plateau United ta Jos a 1999.

A shekarar 2000, lokacin mulkin Gwamna Abdulƙadir Kure, Tornadoes ta sake kaiwa wasan ƙarshe, ta haɗu da Rangers ta Inugu. Rangers ba kanwar lasa ba ce. An kafa ta a 1970 bayan yaƙin basasa, ta ci kofin nan sau biyar kafin wannan rana, ta kuma ɗauki kofin Afirka na zakarun kofuna a 1977. Kusan kowa ya ba ta wasan tun kafin a take leda. Tornadoes ta doke ta da ci ɗaya mai ban haushi.

Wannan shi ne babban kofi guda da ƙungiyar ta mallaka. Shi ne kuma ya ba ta damar wakiltar Najeriya a gasar Afirka ta zakarun kofuna a 2001, gasar da Kaizer Chiefs ta Afirka ta Kudu ta lashe. Daga 2004 Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka ta haɗe wannan gasa da wata, aka sami Kofin Konfedereshan na yanzu.

Hawa da sauka

A babbar gasar lig, Tornadoes ta fi zama a tsakiyar teburi ko ƙasansa. Kakar 2012 ta nuna halinta ƙarara. A wannan shekara Kano Pillars ta zama zakara, amma wanda ya fi kowa zura ƙwallo a raga ɗan wasan Tornadoes ne, Sibi Gwar, da ƙwallo 17. Duk da haka ƙungiyar ta rikito zuwa rukuni na biyu.

Tsarin lig na Najeriya hawa-hawa ne. A sama akwai gasar firimiya ta NPFL mai ƙungiyoyi 20. A ƙarƙashinta akwai NNL, wadda akan raba shiyyar Arewa da ta Kudu domin rage nisan tafiya. Sai NLO, inda ɗaruruwan ƙungiyoyin garuruwa da makarantun horar da matasa ke fafatawa, sannan gasannin jihohi. Ƙungiyar da ta faɗo daga sama takan rasa fitattun 'yan wasanta cikin 'yan makonni, domin manyan ƙungiyoyi na jira. Jaridu sukan daina bin ta, kasafinta ya ragu, ta koma buga wasa a filayen da babu ciyawa ko shinge.

Kaka uku Tornadoes ta yi a wannan hali. A 2015, ƙarƙashin mai horarwa Abdullahi Biffo, ta sami gurbin komawa babbar gasa tare da Plateau United da MFM da Ikorodu United.

Agege da Kaduna

Shekara biyu da dawowarta, ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe na uku, a hannun mai horarwa Abubakar Bala. Shekarar ce aka fara kiran gasar Kofin Aiteo. An yi wasan ranar 15 ga Oktoba, 2017, a filin wasa na Agege da ke Legas, da Akwa United ta Uyo, wadda Abdu Maikaba ke horarwa. Aka tashi babu ci. A bugun daga kai sai mai tsaron gida Akwa United ta yi nasara da 3 da 2, ta ɗauki kofin karo na biyu bayan na 2015.

Shekarar 2019 ita ce mafi ban al'ajabi a tarihin ƙungiyar, kuma tushen abin yana cikin shekarar da ta gabata. Rikicin shugabanci a Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya ya sa aka datse kakar 2018 bayan wasanni 24, ba tare da an saukar da kowace ƙungiya ba, aka kuma hawo da huɗu daga ƙasa. Sai ƙungiyoyin suka zama 24. Domin a koma 20, aka raba su rukuni biyu a 2019, aka tsara cewa huɗu za su faɗi daga kowane rukuni. Tornadoes ta shiga cikin takwas ɗin da abin ya rutsa da su.

Bayan an tabbatar da faɗuwarta, sai ta shiga Kofin Aiteo ta yi ta tsallake zagaye har wasan ƙarshe. Ranar 28 ga Yuli, 2019, ta haɗu da Kano Pillars a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna. Pillars, mai kofin lig huɗu, ba ta taɓa cin wannan kofi ba. Shekara guda kafin nan, a Asaba, tana gaba da ci 3 da nema Rangers ta farke duka ta kuma ƙwace kofin a bugun fenareti. Saboda haka Sai Masu Gida sun zo Kaduna da ƙishirwa, da ɗimbin magoya baya. Tornadoes ta hana su cin ko ɗaya. Aka sake zuwa bugun daga kai sai mai tsaron gida, Pillars ta yi nasara da 4 da 3.

Ke nan a wasannin ƙarshe biyu cikin shekara uku ba a zura wa ƙungiyar Minna ƙwallo ko ɗaya ana cikin wasa ba, ita ma ba ta zura ba, kuma duka biyun da tazarar bugu guda ta rasa kofin.

Daga rukuni na biyu zuwa Afirka

A ƙa'ida, wanda ya ci Kofin Ƙalubale shi ke samun gurbi a Kofin Konfedereshan na Afirka. Amma Pillars ta riga ta zo ta biyu a lig a bayan Enyimba, ta sami gurbin gasar zakarun nahiyar. Sai gurbin kofi ya faɗo wa wadda ta zo ta biyu. Da haka ƙungiyar da ta koma rukuni na biyu a gida ta wakilci Najeriya a waje. Tafiyar ba ta yi nisa ba, domin Santoba ta ƙasar Gini ta fitar da ita a zagayen share fage cikin watan Agusta, 2019.

Komawa babbar gasa ta ɗauki lokaci fiye da yadda aka so. Annobar korona ta tsayar da wasanni a watan Maris na 2020, aka soke kakar rukuni na biyu. Sai a 2021 Tornadoes ta hawo, a matsayin zakarar NNL, tare da Shooting Stars ta Ibadan da Gombe United da Remo Stars.

Gida a garin wasu

Babbar matsalar da ta daɗe tana bin ƙungiyar ita ce fili. Masu shirya gasar firimiya suna da sharuɗɗan da kowane filin wasa zai cika kafin a amince da shi: lafiyar ciyawa, ɗakunan sauya kaya, shingen da ya raba 'yan kallo da 'yan wasa, hanyar shigar motar asibiti, da wurin 'yan jarida. Sau da dama filin Bako Kontagora ya gaza cika su.

Da ta dawo babbar gasa a 2016, Tornadoes ta koma buga wasanninta na gida a filin Confluence da ke Lokoja, Jihar Kogi, kuma a can ta yi kakar 2017 da ta kai ta Agege. Bayan hawowarta ta 2021 kuma sai ta yi ƙaura zuwa filin Ahmadu Bello na Kaduna, filin da ta rasa kofi a cikinsa, kafin daga baya ta sake komawa Minna.

A gasar Najeriya wannan ba ƙaramar asara ba ce. Sanannen abu ne cewa cin wasa a waje yana da wuya, yawancin ƙungiyoyi da makin gida suke tsira. Ƙungiyar da gidanta ke wata jiha tana biyan kuɗin mota da masauki a kowane mako, ko wasan nata ne ko na wasu. Kuɗin ƙofa ba ya shigowa. Ɗan kallon Bosso ko Tunga ko Chanchaga, wanda kuɗin acaba ya ishe shi zuwa fili, sai dai ya ji sakamako a rediyo. Masu sayar da ruwa da rake da tsire a bakin fili sukan rasa cinikin ranar wasa. Yaran da ke buga ƙwallo a filayen makarantu kuma sukan tashi ba su taɓa ganin ƙungiyar jiharsu ido da ido ba.

Mallaka da kuɗi

Kamar Kano Pillars da Katsina United da Wikki Tourists da El-Kanemi Warriors, Tornadoes a kan kasafin gwamnatin jiha take rayuwa. Gwamnati ce ke naɗa shugabanninta, ita ke biyan albashi da alawus da kuɗin sayen 'yan wasa. Wannan tsari yana da amfaninsa. Ƙungiyoyi da yawa na kamfanoni da attajirai da suka yi tashe a shekarun 1980, irin su Leventis United ta Ibadan da Abiola Babes ta Abeokuta, sun watse da masu su suka janye hannu. Ita kanta Stationery Stores da ta doke Tornadoes a 1982 ta daɗe da ɓacewa daga babbar gasa. Tornadoes kuwa tana nan, ta ratsa mulkin soja da na farar hula.

Illar tsarin ita ce, ƙungiya takan zama tamkar wani sashe na ma'aikata. Sauyin gwamnati yakan zo da sabon kwamiti da sabon mai horarwa. Kuɗi kan fito ne idan takarda ta bi ofis-ofis, alhali jadawalin gasa ba ya jira. Shirin shekaru biyar yana da wuya a inda ba a san wanda zai riƙe kujera baɗi ba.

Remo Stars ta ba da misalin wata hanya. Ƙungiya ce ta ƙaramin garin Ikenne a Jihar Ogun, mallakar ɗan kasuwa Kunle Soname. Tare da Tornadoes suka faɗi a 2019, tare suka hawo a 2021. Remo ta gina filin wasanta a Ikenne, ta kafa makarantar renon matasa, a kakar 2024/2025 kuma ta lashe gasar firimiya karo na farko. A tsawon waɗannan shekaru Tornadoes ta riƙe gurbinta a babbar gasa, wanda shi ma aiki ne ga ƙungiyar da ta yi kakanni tana baƙunta a Kaduna.

Jihar Neja ita ce mafi faɗin ƙasa a Najeriya, tana da ƙananan hukumomi 25, daga Suleja zuwa Bida, daga Kwantagora zuwa Borgu. A duk faɗin nan, Tornadoes ce tsanin da ya fi kusa da yaron da ke fatan zama ƙwararren ɗan wasa. Ko tsanin zai yi amfani, ya danganta ne da ko filin Minna zai ci gaba da cika sharuɗɗa, da kuma ko ƙungiyar za ta sami wata hanyar kuɗi bayan kasafin gwamnati.

Muhimman shekaru a taƙaice

1976: An ƙirƙiro Jihar Neja, Minna ta zama babban birni.
1977: An kafa Niger Tornadoes.
1982: Wasan ƙarshe na farko, Stationery Stores ta ci 4 da 1.
1996: Zakarar rukuni na biyu.
2000: Ta ci Kofin Ƙalubale, ta doke Rangers 1 da nema.
2001: Ta wakilci Najeriya a gasar Afirka ta zakarun kofuna.
2012: Sibi Gwar ya fi kowa cin ƙwallo a lig; ƙungiyar ta faɗi rukuni na biyu.
2015: Ta sami gurbin komawa babbar gasa.
2017: Akwa United ta doke ta a bugun fenareti, 3 da 2, a Agege.
2019: Ta faɗi rukuni na biyu, Kano Pillars ta doke ta a bugun fenareti, 4 da 3, a Kaduna, ta buga Kofin Konfedereshan.
2021: Ta lashe NNL, ta koma gasar firimiya.